Ruwan Da Ya Kori Inna Daga Banɗakinta

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To mu dai daminar bara ta nuna mana iyakar sanin mai ɗaki, wato inda ruwa ke ɗiga masa a ka. Ta inda ruwan ya shigo kuwa, wannan wani karatu ne daban, kuma sai da muka yi wata huɗu muna biyan kuɗin makarantarsa. Ga shi hadari ya fara haɗuwa da yamma, shi ya sa muka ce bari mu rubuta yadda ta kasance da mu, ko wani gidan a Sabo zai huta da abin da mu ba mu huta da shi ba.

Gidanmu irin gidajen nan ne na da da kowa ya sani a unguwar nan. Kakanmu ya gina shi da kuɗin goro, a zamanin da ake ɗora huhu a jirgin ƙasa zuwa arewa, bayan an yanka wa Hausawa Sabo a 1916 da wasu shekaru. Zaure, sai doguwar baranda da ɗakuna suna kallon juna, sai masai da wurin wanka can ƙuryar gida. Haka muka tashi muka tarar, kuma babu wanda ya ga laifin tsarin sai da Baba ya rasu, gwiwoyin Inna suka fara ƙin tafiya. Shekara tara ke nan da muka haɗa kuɗi mu 'ya'yanta muka yi mata ɗan banɗaki a bayan ɗakinta, da masai na zama, aka haƙa sokawe, aka yi masa rufin kwano mai gangare ɗaya da ya jingina da bangon tsohon gini. Ranar da aka gama sai da ta yi mana addu'a har muka ji kunya.

Mai aikin famfon da ya yi aikin ya ɗauko farin bututu mai inci huɗu daga bayan masai, ya miƙe da shi sama, ya huda kwano ya fitar da kansa waje. Da yawanmu a gidan ba mu san amfaninsa ba sai bara. Shi ne yake fitar da warin sokawe sama inda iska za ta tafi da shi, kuma shi ne yake ba hanyar ruwan iska idan an kora masai, don kada a zuƙe ɗan ruwan nan da ke zaune a wuyan masai, wanda shi ke tare wari kada ya dawo ɗaki. Abu ne mai amfani. Sai dai duk inda aka huda kwano an buɗe wa ruwa ƙofa, ko bana ko baɗi.

A watan Afrilu aka fara ganin tabo a silin, ruwan kasa-kasa kamar an zubar da shayi, can gefen ƙofa, nesa da bututun da kamar taku biyu. Matar babban yayanmu ce ta fara gani. Aka yi abin da kowane gida a Badun yake yi, aka sa roba. Da Mayu ya kama robar ta zama bokiti, ɗigon kuma ya zama biyu, ɗaya a gefen ƙofa, ɗaya yana bin jikin bututun kansa yana gangarowa bayan masai.

Wannan na biyun shi ya kawo magana. Inna ta shiga da asuba, ta yi alwala, tana juyowa ɗigo ya sauka mata a kafaɗa. Ta ɗaga kai ta ga daga inda ya fito. Ta fito ta sake wanka, ta canza zane, ta yi sallarta rana ta kusa fitowa. Da muka shigo gaishe ta ta ce, ba tare da ta kalli babbanmu ba, don har yau ba ta kama sunansa:

"Ku gaya wa wancan, ruwan masai na zubo mini a jiki. Ni ba zan sake shiga ba."

Muka ce haba Inna, ai ruwan sama ne. Ta ce to ruwan sama ta bututun masai yake bi? Ba mu da amsa a lokacin. Ƙaninmu ya je ya tambayi limamin masallacin layinmu bayan magariba, ya ce masa ruwan sama mai tsarki ne, kuma a mazhabarmu ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba, kuma ba a gina hukunci a kan kokwanto. Ya dawo ya isar da saƙo tiryan-tiryan. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya saka wa Malam da alheri, amma Malam ba a kafaɗarsa yake ɗiga ba. Ta koma tsohon masai na ƙuryar gida, da butarta da sandarta.

Daga nan muka shiga gyare-gyare. Na farko wani yaro ne da ke yawo da gwangwanin kwalta yana kiran a liƙe yoyo. Ya hau, ya shafa a kan duk ƙusar da ke saman tabon gefen ƙofa, ya karɓi kuɗinsa. Ruwa ya zo, ɗigo bai ma san an yi ba. Na biyu birkila ne ɗan unguwa, mutumin kirki, ba mu da abin cewa a kansa. Ya duba ya ce ai gindin bututun ne, ya kwaɓa siminti ya yi masa tudu kamar murhu, ya shafe shi sumul. Kwana goma shiru. Har mun fara yi wa Inna albishir. Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi na dare, da safe muka tarar bokiti ya cika ya tumbatsa, silin ya yi ciki kamar zai haihu.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu a kan kanmu. Mu jikokin masu soro ne. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau abin da suka sani game da rufi shi ne yaɓe: kafin damina a kwaɓa ƙasa a bi duk tsaga a toshe, a gyara bakin indararo, shi ke nan. Kuma a can dabarar tana aiki, don ƙasa ce a kan ƙasa, damina kuma wata huɗu ce ta wuce. Wannan hannun na yaɓe shi muka gada, ko mun sani ko ba mu sani ba. Mun ga rami, mu nemo abin cusawa. Amma a garin da ruwa ke farawa tun Maris bai tafi ba sai Oktoba, a kan kwanon da rana ke gasawa ya miƙe, dare ya yi ya tsuke, yaɓe ba ya zama. Ku hau kan kowane bene a Mokola ku kalli rufin unguwar nan, za ku ga kwalta da siminti da tsumma da tsohuwar taya da dutse, kowane gida da tarihin yoyonsa a rubuce a kansa.

Na uku kafinta ne, shi ko hawa bai yi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu ya ce rufin gaba ɗaya ya mutu, a yaye a sa sabo, ya faɗi kuɗin da ya sa babbanmu ya ce masa zai neme shi. Kuɗin nan shi ya kai maganar WhatsApp na gida, kuma wanda duk yake cikin gidan gado ya san abin da ke biyo baya. Yayanmu na Kano ya ce ina kuɗin hayar ɗakuna uku na gaba? Yayarmu ta Agege ta ce ita bara ta biya kuɗin kwashe sokawe ita kaɗai babu wanda ya ce mata sannu. Mu da muke zaune a gidan muka ce ai mu muke kwana da bokitin. Aka tono har kuɗin sadakar bakwai ɗin Baba. Sati uku ana wannan, ruwa bai fasa ba, Inna kuma tana ta zirga-zirga ƙuryar gida.

Daren wata Talata a watan Yuni, wajen ƙarfe uku, ana yayyafi, ta fita ba ta tashi kowa ba. Simintin bakin tsohon masai ya yi gansakuka, sandar ta zame. Ɗaya daga cikin 'yan haya ce ta ji nishinta. A asibiti aka yi hoto, ƙugu lafiya, amma wuyan hannun dama ya tsage, aka ɗaure shi sati shida. Hannun da take cin abinci da shi, take jan carbi da shi. Likitan ya ce mu gode Allah, a shekarunta da ƙugun ne da wata maganar ake yi.

WhatsApp ya yi tsit. Washegari kuɗi suka fara shigowa ba tare da an roƙi kowa ba. Ba mu ji daɗin yadda suka shigo ba, amma mun karɓa.

Wani mai sayar da katako a Bodija ne ya haɗa mu da Baba kafinta. Bayarabe ne, dattijo, siriri, ya yi aiki a Sabo tun yana yaron kafinta, Hausarsa har da karin magana. Ya ce yana nan lokacin ambaliyar Ogunpa ta 1980, wadda Yarbawa ke kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida, kuma tun daga lokacin bai ƙara raina ruwa ba. Ya zo ranar farko ba guduma ba zarto, tocila kawai a aljihu. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata sannu da hannu, sannan ya ce ita yake so ya yi wa tambaya, don ita ce mai ɗakin.

"Mama, da an fara ruwa yake ɗiga, ko sai an jima?"

Ta ce na jikin bututun da wuri yake farawa. Na gefen ƙofa kuwa sai ruwa ya yi ƙarfi ya ɗan daɗe.

"In an ɗauke fa?"

Ta ce na ƙofa yakan kai awa guda yana ɗiga bayan gari ya washe.

"Ranar da ba a yi ruwa ba, ya taɓa ɗiga?"

Ta ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, ba tanki ba ne, ba gumi ba ne. Ya juyo ya ce mana yoyo biyu ne a nan ba ɗaya ba, kuma wanda yake ci gaba bayan an ɗauke ruwa yana nufin akwai inda ruwa ke taruwa a sama yana tsiyaya a hankali. Wata huɗu muna kallon silin ɗin nan, babu wanda ya yi tunanin tambayar Inna komai.

Ya sa aka kashe wutar gidan daga mita, don wayar ƙwan banɗakin a cikin silin take, a jiƙe. Wannan kaɗai ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ya cire fale ɗaya na silin a hankali, ya ce irin tsohon nan ne na asbesto, kada wanda ya karya shi ko ya sa masa zarto, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Ya sa kansa ciki, ya jima, sannan ya kira mu ɗaya bayan ɗaya mu hau kujera mu leƙa. Abin da muka gani: kwanon da ke saman tabon gefen ƙofa, wanda yaron nan ya shafe da kwalta, a bushe yake ƙayau, ko ɗigon haske babu. Amma a jikin katakon da ya gangaro daga wajen bututu akwai wani layi baƙi, kamar sawun dodon koɗi. Ruwa yana shigowa ta gindin bututu, ya faɗo kan katako, ya bi cikinsa yana gangarowa, sai ya zo inda wata ƙusa ta leƙo, nan ya sake ta ya faɗo. Taku biyu tsakanin inda ya shiga da inda ya sauka.

Baba ya ce duk da haka ba zai taɓa komai ba sai ya gani da idonsa. Ya ce mu jira hutun Agusta, kwanakin nan da ruwa ke ɗan ja da baya a ƙasar Yarbawa, don kwano ya bushe. Ranar da ya dawo ya sa autanmu a cikin silin da tocila, shi ya hau sama da buta biyu. Mun lura ba ya taka ko'ina sai kan layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa, kuma ya ƙi hawa da sassafe, wai raɓa ta fi ruwan sama kayar da mutum. Ya fara zuba ruwa daga can ƙasa kusa da bakin rufi, ya tsaya, ya kira: "Akwai?" Auta ya ce babu. Ya matsa sama kamu ɗaya, ya zuba, ya jira. Babu. Muka ce Baba me zai hana ka zuba daga sama gaba ɗaya mu huta? Ya ce in ya zuba daga sama ko'ina zai jiƙe, ruwa zai shigo, amma ba za mu san ta ina ba, mun koma gidan jiya. Sai da ya zo daidai bayan tudun simintin, ta ɓangaren sama, ya zuba rabin buta, auta ya ƙwala ihu.

Ya ce mu hau mu gani, biyu daga cikinmu muka hau. Kwanon rufi tudu da kwari ne, kuma duk ruwan da ke sauka ta cikin kwarin yake gudu. Tsakanin tudu da tudu inci uku ne, bututun kuwa inci huɗu, ko ta yaya aka huda sai ya tare kwari ɗaya. Mai famfon ya huda ne a tsakiyar kwari, ya shafa ɗan abin liƙi a kewaye, ya riƙe shekara takwas, rana ta cinye shi. Tudun simintin da muka biya aka yi kuwa ya tare kwari uku. Mun gina wa ruwa madatsa da kuɗinmu. Ruwa ya gangaro, ya tarar an rufe hanya, ya taru da ganye da ƙasa, ya zauna. Shi siminti ba ya kama jikin roba, kuma kwano na motsi da zafi shi ba ya motsi, don haka cikin kwana goman nan da muke murna ya riga ya tsage siririyar tsaga a kewaye. Baba ya sa ƙusa a tsagar ya ɗaga, tudun ya taso ɗungurungum kamar murfin tukunya. Ƙarƙashinsa kwanon ya yi ja, yatsa na shiga. Ya ce jiƙaƙƙen siminti yana cin farin da aka shafa wa kwano, in farin ya tafi tsatsa ta samu gida.

Saura na biyu, na Inna. Ya ɗauki ɗaya butar ya zuba a bakin bututun kai tsaye, don bututun ba shi da hula, a buɗe yake yana kallon sama. Auta ya ce ga shi nan yana fitowa ta mahaɗa. Ashe bututun guda biyu ne aka haɗa a cikin silin. Mai famfon ya gasa bakin ɗaya a wuta ya buɗa shi, kamar yadda suke yi, amma sai ya kifa na sama a kan na ƙasa, ko gam bai sa ba. Ruwan saman da ya faɗa cikin bututu ya biyo bangonsa, ya zo ya ci karo da leɓen na ƙasa, ya sulale ta tsakaninsu ya fito waje. Daidai shi ne na sama ya shige cikin na ƙasa, yadda duk abin da ya gangaro zai zarce ciki.

Baba ya sauko ya je ya durƙusa gaban Inna da guntayen bututu biyu, ya nuna mata yadda aka haɗa da yadda ya kamata. Ya ce, "Mama, ruwan masai ƙasa yake tafiya, ba ya hawa sama. Wannan mahaɗar ta fi kanki tsawo. Abin da ya taɓa ki daga gajimare ya fito." Ta juya guntayen da hannun hagu, ta haɗa, ta raba. Ta ce, "To ai haka Malam ya ce." Ba mu ce komai ba.

Shawararsa ta farko ita ce kada a sake huda kwano kwata-kwata, a fitar da bututun ta bango, ya hau ta waje ya wuce bakin rufi. Ya ce wanda duk zai yi sabon banɗaki haka ya kamata ya yi, ramin da ba a huda ba ba ya yoyo. Amma kun san lungunan Sabo. Bayan bangon nan da kamu huɗu tagar maƙwabtanmu ce, ɗakin amarya ma, kuma gininsu ya fi namu tsawo. Mu kai musu warin sokawe bakin taga, bayan shekara sittin ana zaman lafiya? Muka ce a'a, a bi ta sama.

Aikin kwana biyu ya ɗauka. Ya cire kwano ɗaya tak, wanda ya ruɓe, ya sa sabo. Katakon da ruwa ya bi ya duba shi da bakin ƙusa, ya ce saman ne ya yi laushi, cikinsa da rai, ya shafa masa maganin gara ya ƙara masa wani a gefe ya ɗaure su. Ya sake mahaɗar, na sama cikin na ƙasa, da gam. Sannan ya yi abin da ba mu taɓa gani ba. Ya yanko shimfiɗaɗɗen kwano marar tudu, mai faɗin kamar kamu biyu, ya tura kansa na sama ƙarƙashin kwanon da ke rufe mahaɗar rufi da bango, ya shimfiɗo shi a kan tudun kwanon har ya wuce bututun, ya lanƙwasa gefunansa biyu suka faɗa cikin kwari. Ya huda masa rami daidai bututu, ya tayar da leɓen ramin sama kamar wuyan riga. Yanzu ruwan da ke saukowa ta wannan layin a kan shimfiɗar yake gudu, ya zo ya raba biyu ya kewaye wuyan, ya koma kwarinsa a ƙasa. Kwarin da bututu ya tare ba ruwan da ke shigarsa balle ya taru.

Sai ya ɗauko tsohon tiyub na mota, ya yanka, ya huda rami da bai kai faɗin bututun ba, ya ja shi da ƙarfi ya zura ta sama har ya sauko ya rufe wuyan kamar siket, ya ɗaure da zoben ƙarfe. Ya ce akwai na kanti da aka yi musamman don wannan, ya fi daɗewa, in mun samu mu saya, amma wannan ma zai yi in ana dubawa. Gefunan kuma ya bi su da filashban, tef ɗin nan mai kwalta a ciki da farin ƙarfe a baya, bayan ya goge wurin tas ya bar rana ta ɗumama shi. Ya ce mutane na saye su manna a kan tsatsa da ƙura, ya ɓare cikin wata guda, su ce jabu ne. Ƙusoshi masu hula duk a kan tudu ya buga su, ko ɗaya babu a kwari. A ƙarshe ya sa wa bututun hula mai tsaga-tsaga a gefe, wadda iska ke fita ruwa bai shiga. Babbanmu ya tambaye shi ko a toshe bakin gaba ɗaya a huta, ya ce in kana so warin ya dawo ɗakin Mama, bismilla.

Muna kallonsa yana aiki sai ɗayanmu ya ce wannan ai jinka ce, na sama a kan na ƙasa, na sama a kan na ƙasa. Baba ya yi dariya ya ce to ashe kun sani, kuka bari aka yi muku murhu a kan rufi.

Abin da muka kashe gaba ɗaya, da ladansa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai cewa a yaye rufi ya nema ba. Ragowar kuɗin da aka turo muka sa aka kankare gansakukar ƙuryar gida, aka yi wa wurin sabon daɓe mai kaushi, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗakin Inna. Na Kano ya ce a rubuto masa lissafi, aka rubuta masa.

Baba ya hana a mayar da falen silin. Ya ce a bar shi a buɗe sai an yi ruwa uku masu ƙarfi. Na farkon ya zo a Satumba, da daddare, irin mai iskar nan da ke sa a tuna 2011. Mu huɗu muka tsaya a banɗaki, an ɗauke wuta, tocilar waya a sama, muna kallon katako kamar masu duban wata. Kwano na ta ruri. Minti ashirin, rabin awa, ko danshi babu. Inna na daga ɗaki tana tambaya, "Yaya?" Muka ce shiru. Ta ce a dai jira na uku, haka mutumin ya ce. Sai da na ukun ya wuce ta sa aka dawo mata da butarta.

Mun ɗauka an gama. A Disamba, hunturu ya shigo, ba ko gajimare a sama, sai ga kira da asuba: yana ɗiga. Gabanmu ya faɗi. Muka shiga muka tarar sabon silin na roba da muka sa ya yi ƙwayoyin ruwa reras, bango ma yana naso. Muka kira Baba a waya, bai ko zo ba. Ya ce Mama da ruwan zafi take wanka? Muka ce e. Ya ce ku duba taga. Ashe saboda sanyi jikokinta sun toshe 'yar tagar da kwali, sun manne da tef. Tururi ya tashi bai samu hanya ba, ya taɓa sanyin silin ya koma ruwa. Aka cire kwalin, aka ce a riƙa barin gilashi biyu na sama a buɗe, in ta gama a bar ƙofa ta sha iska. Inna ta ce sanyi zai kashe ta. Aka daidaita a kan gilashi ɗaya.

Hannun ya warke, sai dai in gari ya yi sanyi tana cewa yana mata tsami, kuma carbi ya koma hagu har yau.

Satin da ya wuce muka hau duba robar, kamar yadda Baba ya ce a riƙa yi kafin ruwan fari. Tana nan, ta ɗan yi fari amma ba ta tsage ba. Muka share ganyen da ya taru, muka danna gefen filashban inda ya ɗan ɗaga. Kafin mu sauko muka tsaya muka duba rufin maƙwabta, daga inda muke muka ƙirga bututu bakwai da tudun siminti a gindinsu, biyu ba su da hula. Ba za mu faɗi gidajen a nan ba. Tsaninmu yana zaure, wanda yake so ya aiko yaro ya ɗauka, amma don Allah a dawo da shi, wancan karon sai da muka bi shi har Oke Hausa.